Shekara 33 ina leƙa kwatar mutane

Ɗiyar ƙanena ce ta ja mani wannan rubutun. Ta gama difloma, zaman gida ya ishe ta, ranar wata Juma'a da yamma ta zo gidana nan Katsina tana taya ni tsinkar zogale, can sai ta ce "Gwaggo don Allah ki yi mani hanya mana, ko a lokal gwamman ne a maƙala ni, tunda ku dai ba wani aiki kuke ba, ƙarshen wata kawai a ji alat." Wallahi haka ta faɗa ko a jikinta, ita a ganinta ma yabon aikin take. Na yi dariya na ce Allah ya shirye ki, amma maganar ta kwana tana cina a rai, don abun haushin akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Ni da idona na san mutanen da in ka ga ƙafarsu a sakatariya to ana tantance ma'aikata ne ko an ce za a raba shinkafar azumi. Akwai wanda sunanshi ya shekara da shekaru cikin takardar albashi amma ko masinja bai san fuskarshi ba. Ban zo kare wannan ba. Amma ni shekarata 33 ke nan cikin aikin, saura biyu in cika 35 in aje, kuma takalman da na kashe a lungunan mutane ba su ƙirguwa, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta, ko ita ta karanta ko wani.

A 1992 na kama aiki, bayan na gama makarantar koyon aikin tsabta ta Kano. Lokacin jihar kanta shekararta 5 da fita daga tsohuwar Kaduna, ana ta ɗaukar ma'aikata. Babana, Allah ya jiƙanshi, bai so ba. Ba aikin gwamnati ne bai so ba, sunan ne ya tsaya mashi a wuya, wai ɗiyarshi duba-gari. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan suna ba. Kakata ta sha ba mu labarin zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, in yara suka rugo suna ga duba-gari nan, unguwa hargitsewa take, wannan ta kifar da ruwan randa, waccan ta kwashe kashin awaki ta tura bayan rumbu, malamin zai tsoma moɗa cikin randa ya ɗaga ya duba, in ya ga tsutsar sauro ko guda ce sai gaban alƙali. Tsoronsu ake, ba son su ake ba. Mu kuma mata dalilin da ya sa aka buƙace mu a fili yake, namiji iyakarshi zaure, abun da maigida ya faɗa mashi shi zai rubuta ya wuce, alhali masai da rijiya da wurin wanke-wanke duk suna can ciki inda aka rubuta ba shiga.

Aka tura ni wata ƙaramar hukuma can arewa kusa da iyakar Nijar. Satin farko na shiga wani gida da littafina da birona ina ji da kaina, na iske wata tsohuwa zaune bakin ɗaki tana kaɗi. Na gaishe ta ta amsa a daƙile, ta dube ni sama da ƙasa ta ce "Ke ɗiyar wa ce?" na faɗa mata garinmu da gidanmu. Ta ce to je ki leƙa abun da aka aiko ki ki leƙa. Na je na duba masai, ba murfi, na rubuta. Ina fitowa ta miƙo mani ƙwaryar fura, a buɗe take tun shigowata, ƙudaje sun sha nasu sun bar saura. Duk abun da aka koya mani a Kano ya taso ya tsaya mani a maƙoshi. Matan gidan duk sun leƙo suna jira su ga abun da 'yar boko za ta yi. Na tsuguna na ce bismillah na sha. Tsohuwar nan ba ta ce komai ba, sai ta jawo gyalenta ta ce tashi mu je, ita ta shiga da ni gida bakwai a ranar, ko'ina tana cewa ga ɗiyata nan ku ji abun da za ta ce maku. Bayan wata biyu ita da kanta ta sa jikanta ya sassaƙa ma masan murfi, kuma furar ma daga baya da faifai nake iske ta a rufe. Ban taɓa yi mata maganar faifan ba.

To bari in faɗa ma masu irin tunanin ɗiyata abun da ƙaramar hukuma take, don na lura har masu digiri da yawa sun ɗauka wurin karɓar takardar shaidar ɗan asalin gari ne kawai. Tsarin da muke kai yanzu daga gyaran 1976 ya samo asali, shi ya binne En'e. A ƙasar nan guda 774 ne, mu a Katsina da 7 aka fara a 1987, Katsina, Daura, Mani, Dutsinma, Kankia, Malumfashi da Funtua, aka yi ta tsagawa har suka kai 34 a 1996. Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukansu ƙarara: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, banɗakunan jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, sa ma tituna suna, sannan da hannu a firamare da kiwon lafiya matakin farko da noma. Ka duba da kyau, tun daga ranar da aka haife ka har ranar da za a kai ka makwanci, duk abun da ya taɓa jikinka kai tsaye yana cikin jerin nan. Amma yaro zai faɗa maka sunan ministoci goma bai san sunan kansilan mazaɓarshi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Kason ƙananan hukumomi daga Abuja yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma kowa ya san ruwan da ya biyo ta gonar wani ba ya isowa yadda ya taso. In an biya albashi, abun da ya rage wani lokacin ko man babur bai isa ba. Na yi zamani a wani ofis da sashenmu gaba ɗaya baro biyu gare mu, ɗaya ba taya. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura ma ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ta ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa ma doka. Mun yi murna, ƙungiyarmu ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta daɗe tana wannan kukan. Amma ni ra'ayina, kuma na sha faɗa a mitin ana harara ta, ko an juye kuɗin duka a sakatariya in mutanen gari ba su san nawa ya shigo ba kuma ba su iya zuwa su tambaya, wurin cin ne kawai ya matso kusa da gida.

Shekaruna na farko notis na yarda da shi. Ka ga laifi ka rubuta notis, ka ba mutum kwanaki ya gyara, in bai gyara ba ka kai shi kotu. Ina alfahari da yawan notis ɗin da na raba a wata. Akwai wani dattijo da ruwan wankan gidanshi ke kwararowa cikin lungu ya taru ya yi baƙi, na ba shi notis sau biyu bai motsa ba, na uku na maka shi gaba. Aka ci shi tara. Ashe akuyarshi guda ya kai kasuwa ya biya, kuma kuɗin akuyar nan da ya ishe shi ya gina rijiyar da ruwan zai riƙa faɗawa. Tara ta shiga asusu, ruwa ya ci gaba da kwarara, mutanen lungun kuma in sun hango ni sai su shige gida. Wannan laifina ne ba na kowa ba, ban taɓa zama na tambaye shi me ya hana shi gyarawa ba. Har ya rasu in na gaishe shi amsawa yake yana kallon gefe.

Mai unguwar wurin ne ya aiko a kira ni, wani tsoho mai sanyin magana. Na je na durƙusa na ce Baba ga ni. Ya ce "Malama, takarda ba ta yashe kwata. Ki bar mani nan da Asabar." Abun da ya yi ba wani abun mamaki ba ne, ya je wajen liman, bayan sallar asuba liman ya yi 'yar nasiha kan haƙƙin maƙwabci da kawar da abun cutarwa daga hanya, ya ce ranar Asabar akwai gayya. Ya aika wajen shugaban samari, ya roƙi wani mai shago ya ɗauki nauyin koko da ƙosai, ni kuma ya ce in kawo shebur da manjagara daga ofis in tsaya a gan ni. Kafin azahar an haƙa ma gida uku ramin ruwan wanka har da na dattijon nan, an yashe kwata tun daga bakin masallaci har titi. Ni da dokata da hatimina na yi wata huɗu ban iya ba. Daga ranar na daina shiga gari ban fara ta ƙofar hakimi ko magaji ko mai unguwa ba, kuma ban sake rubuta notis ba sai na zauna da mutum tukuna. Ba wai na jefar da notis ɗin ba ne, a'a, akwai masu kunnen ƙashi, musamman masu kuɗin da ke juye sharar gini a hanyar ruwa, waɗannan kam kotu ce maganinsu kuma ban jin kunyar kai su.

Mata kuma ba a same su da mitin a sakatariya, wa zai bar su su zo? Gidan suna, gidan biki, Islamiyyar matan aure, wajen zubin adashe, nan ne ofis ɗina na gaskiya. Ungozoma da mai kitso sun fi lasifika kai saƙo. In na shawo kan uwar adashe to na gama da lungu guda. Kuma mace ce ta san yaron da ya kwana yana gudawa, ita ta san rijiyar da ruwanta ya canza ɗanɗano, maigida sai abu ya yi tsanani yake ji.

Abun da ya fi cin shekaruna kuwa shi ne maganar kududdufi. Duk tsohon garin Hausa za ka iske shi da kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne tun kaka da kakanni, gida na tashi rami na zurfi, da damina ruwan unguwa duk can yake gangarawa ya kwanta. Ba injiniyan da ya zana amma ya fi wasu zanen aiki. E, yana tara sauro, yara na faɗawa, ni kaina a makaranta an koya mani abun ƙyama ne. Amma da aka koma bulo da siminti aka daina buƙatar ƙasa, sai aka mai da su juji, in shara ta cika rami sai wani mai ido da kwalli ya bi da 'yar jar ƙasa a kai ya yanka fuloti ya saida. Ruwa kuma bai san an saida ba, in ya zo gidanshi ya iske an gina sai ya shiga na maƙwabta. A cikin birnin Katsina ma duk wanda ya haura 50 zai lissafa maka kududdufan da ya yi wanka yana yaro waɗanda yanzu gidaje ne da shaguna.

Ga kuma leda. Da can sharar Bahaushe dukiya ce, toka ce da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa, da bazara masu jakuna har roƙo suke su kwashe juji su kai gona a mangala. Yanzu ka tona juji rabi ledar piya wata ce da baƙar leda da famfas ɗin yara, manomi ya kai gona shekara uku yana tsinta. Je ka mayanka ka tambayi mahauta abun da suke cirowa daga tumbin shanu da tumaki. Sauran kuma kwata take faɗawa ta toshe kwalbati. Kuma abun da ka zubar ba tafiya yake ba, mu nan birni ruwan da ke bin Ginzo ta wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da shi masu lambu ke ban ruwa, ganyen ya dawo mamu a faranti. 'Yan jari bola da ake rainawa, su ne kaɗai ke rage mamu ƙarfe da roba ba tare da an biya su ko sisi ba.

A wani gari da aka yi mani taransifa, don mu daga matakin albashi na 7 zuwa sama hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ce ke juya mu duk inda ta ga dama, na iske babban kududdufi guda ya rage kuma an fara cin gefenshi. Na rubuta rahoto ya fi sau biyar, fayil ya shiga bai fito ba. Mutanen unguwar kuma in na yi magana sai su ce Malama ai mu so muke a cike shi mu huta da sauro. Sai ga ambaliyar Jibiya a Yulin 2018, ruwan dare guda, sama da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, wasu gawarwakin har cikin Nijar aka tsinto su. Innalillahi. Ba wanda ba shi da ɗan uwa ko sani a Jibiya. Satin nan ban buƙaci dogon bayani ba, mutanen da kansu suka zo suna tambaya in aka yi irin wannan ruwan a nan ina zai bi.

Anan ne na koyi yadda ake neman abu wajen hukuma, ni da nake cikinta. Samarin so suke su hau Facebook su yi ta zagi, na ce ku dakata, wannan ita ce sanda ta ƙarshe ba ta farko ba, in ka fara da tozarta mutum ka rufe ƙofar da za ka bi. Muka kafa ƙungiyar ci gaban unguwa aka yi mata rajista, aka zaga gida gida aka rubuta waɗanda ruwa ya taɓa shiga da ɗakunan da suka faɗi, da sa hannu da dangwale. Aka fara ta kan kansila don kar ya ji an tsallake shi, sannan hakimi. Ranar ganin ciyaman ba a kwashi mota guda ba, mutum shida suka je, mai unguwa, liman, wani hedimasta mai ritaya, shugaban samari da mata biyu, ni ina gefe kamar ban san zancen ba don ma'aikaciya ce ni ba a so a gan ni a gaba. Hedimastan ya ce "Ranka ya daɗe ba kwangila muka zo nema ba, abu biyu ne, a kafa turaku a iyakar ramin nan a san na jama'a ne, sannan a ara mamu tifa kwana biyu, leburanci namu ne." Ka ga abun da mutum zai iya cewa to a take ba tare da ya jira Katsina ba. Ya ce to. Daga to ɗin nan zuwa ganin tifa wata uku ne, duk Litinin sai an samu wanda ya je ya zauna bakin ofis ya gaida ma'aji da daraktan ayyuka, har suka gaji da ganin fuskarsu. An kafa turakun. Gefen da aka riga aka saida ya tafi, wanda ya saya ya fi ƙarfinmu, gidan sama ne a wurin yanzu. Amma abun da ya rage yana nan yana shan ruwa, an zagaye shi da itatuwan bedi, wato darbejiya, wani yaro ma ya zuba tarwaɗa a ciki.

Tunda na ambaci bedi bari in taɓa dashe, don nan ma akwai abun dariya da na kuka. Duk damina sai an yi bikin dashen itatuwa, a kafa rumfa, a kawo makaɗa, babban baƙo ya tsuguna ya dasa guda a zuba mashi ruwa a buta ya wanke hannu, a watse. Ka dawo bayan sati biyu awaki sun yi walima. Na halarci irin wannan ya fi ashirin, wani lokacin ma a fili guda ake maimaitawa, ramin bara ake sake tonawa. Ba wai dashe bai aiki ba ne, duk wanda ya bi ƙauyukan arewacin jihar ya ga layukan itatuwan kare iska da aka dasa zamanin aikin dashen da ƙungiyar ƙasashen Turai ta EEC ta tallafa tun wajen ƙarshen shekarun 1980, da yawansu suna nan tsaye don an sa masu gadi an yi shinge an yi raino. Ita ma Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, Katsina na cikin jihohi 11 da ta ratsa a ƙasar nan. Amma icce kamar jariri yake, ba ranar suna ce wahalar ba. Da na gane haka sai na daina karɓar dashe dubu, in karɓi ɗari in bi gida gida, wannan naki ne Hajiya, ga ƙaya a kewaye shi, ruwan alwala da na wanke shinkafa ya ishe shi. A firamare kowane icce da sunan ɗan aji a jiki, in ya mutu 'yan ajin su yi ta yi mashi tsiya. Bedi dai baƙo ne daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, amma ya zama ɗan gari don akuya ba ta cika damuwa da shi ba kuma yana jure ƙishi.

Wanda ya fi buɗe mani ido kuwa zuwa biki ne Maraɗi, muna da dangi can. Muna wuce Jibiya muka shiga ƙasarsu na ga gonaki cike da itatuwa, gawo da kalgo da sabara a tsakiyar gero, ƙasar da ta fi tamu ƙarancin ruwa. Na tambayi wani ƙanen mijin 'yar uwata wane aiki ne ya dasa masu, ya yi dariya ya ce Hajiya ba wanda ya dasa, sassaben zamani ne. Wato in ka zo sharar gona ba ka tumɓuke kututture ka ƙone ba, sai ka duba tohon da ya fito, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bari ka sassabe sauran, saiwar dama tana nan a ƙasa da ranta shekara da shekaru, cikin 'yan shekaru sai ga icce. Tun shekarun 1980 suka fara a yankin Maraɗi, ana ƙiyasta itatuwan da suka dawo ta haka a Nijar sun kai miliyan 200. Ba rumfa ba makaɗa ba leda ba ban ruwa. Shi gawo kuma kowane manomi ya san halinshi, da damina yake zubar da ganye ya ba gero rana da taki, da rani ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Na dawo ina ta yi ma abokan aikina na sashen noma surutu, wasu suka ɗauka wasu suka ce ai abun da ba a sayo ba ba a rubuta mashi baucan kuɗi. Wannan maganar ta daɗe tana ba ni haushi don gaskiya ce.

Kuma don Allah masu zuwa rediyo suna zagin mata kan icce da gawayi su sassauta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, matar da ta fara girki da gas ta koma gawayi, mai gawayi ta koma kara da kashin shanu. Da me za ta dafa tuwon? Ka bi motocin da ke fita da buhunan gawayi ka ga ko na mata ne. Ni abun da na iya shi ne koya ma mata murhun laka mai rage cin icce, wanda ake ginawa da ƙasar ƙofar gida, wasu sun riƙe wasu sun ce yana ɓata masu lokaci in suna da baƙi.

Lokacin da ba na son tunawa shi ne kwalarar 2021, wadda ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan kuma mu ma ba ta bar mu ba. Sati shida ban yi barcin kirki ba, da rana zuba kulorin a rijiyoyi da koya ma mata haɗa ruwan gishiri da sukari, da dare a buga waya a ce an yi rasuwa, in je in tsaya ma masu wanka in roƙe su su sa safar hannu kar a taru a kan gawar. Ka faɗa ma uwa kar ta rungumi ɗanta da ya rasu, ba makarantar da ke koya maka wannan. Kuma lungunan da suka fi shan wuya su ne dai waɗanda masai ke kusa da rijiya, waɗanda muka yi shekaru muna magana a kai. Alawus ɗin aikin ya fito bayan wata nawa, ban ma ƙirga ba.

Jiya Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar tsabtar da muka gada tun zamanin Buhari da Idiagbon, na ce ma ɗiyar tawa in aikin take so ta zo ta raka ni unguwarmu, don ko ba aikin ofis ni ce sakatariyar ƙungiyar lungunmu. Ta zo da farin takalmi. Na ba ta safar hannu da manjagara, ta tsaya tana toshe hanci da gyale, can da ta ga ƙawarta ta Islamiyya na jan baro sai ta saki jiki, har da ita a masu yi ma mai shagon kan kwana faɗa kan ledar piya wata. Da muka dawo tana wanke takalmin ta ce "Gwaggo to shi wannan ɗin nawa ake ba ku?" na ce wanne, ta ce na yau, na ce ai kin sha kokon. Ba ta sake tada maganar a yi mata hanya ba, ban sani ba ko ta fasa ne ko tunani take.

Dagwalon da muka yaso yana nan jibge a bakin kwata tun jiya, direban tifa ya ce mani ƙarfe goma, yanzu ga la'asar ta wuce, hadari kuma ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, in ya sauka kafin ya zo duk abun nan komawa zai yi inda muka ciro shi. Bari in sake kiranshi.